Sukari Zai Zama Man Mota? Manomi Ya Yi Lissafi Tukuna

Shekaru da dama ke nan masana a Amurka da Turai da Japan su ke ta fama da wani aiki mai ban mamaki, watau su sa waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ci sukari, su fitar da wata iska da za a iya tuƙa mota da ita, ko a samu lantarki, ko a yi takin zamani. Halittun nan su ne bakteriya, iskar kuwa sunanta haidirojin. Duk sa'ad da labarin ya ɓulla a jarida ko a rediyo sai a ji ana cewa an kusa sallamar fetur, gama sukari daga gona ya ke fitowa, gona kuwa kowace damina sai ta sake bayarwa. Magana ce mai daɗin ji. Amma tun da ya ke an ambaci gona, lalle manomi yana da ta cewa, domin ko wane irin inji aka ƙera, ko wace irin ƙwaya aka gyara, sukarin nan dai daga guminsa zai fito. Ya kamata ya san abin da a ke ciki tun ba a zo ƙofar gidansa da sikeli ba.

Ita haidirojin iska ce marar launi, marar wari, ba kuwa abin da ya kai ta rashin nauyi cikin dukan abubuwan da aka sani. Tana cin wuta ƙwarai, amma in ta ƙone ba hayaƙi ba toka, sai tururin ruwa kawai. Wannan shi ya sa a ke ɗokinta yanzu da hayaƙin fetur da na kwal ya dami duniya. Kilo guda nata yana da ƙarfin fetur wajen lita 4. Kamfanin Toyota na Japan ya fara sayar da wata mota mai suna Mirai a 2014, wadda ke juya iskar ta zama lantarki a cikin wani irin batir, tana kuwa yin tafiyar kilomita wajen 100 da kilo guda. Matsalar ita ce, kusan dukan haidirojin da ke duniya a ɗaure ta ke cikin ruwa da gas da jikin tsirrai, sai an kashe ƙarfi an kwance ta. A shekarar 2023 duniya ta yi amfani da wajen ton miliyan 97, galibi a matatun mai da masana'antun taki, kusan duka kuwa daga gas da kwal aka cire ta. Wadda aka yi ta hanya mai tsabta ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Watau iskar ba ta hayaƙi, amma wurin yin ta yana yi.

To, ina ruwan bakteriya da wannan? Manomi ya san aikin bakteriya tun kaka da kakanni, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ke sa madara ta zama nono, ita ke sa kalwa ta zama daddawa, ita ke ruɓar da shara a juji ta zama taki. A cikin tumbin saniya ma akwai ta jingim, tana narkar da ciyawa, tana fitar da haidirojin, sai waɗansu ƙwayoyi dabam su yi maza su cafe iskar su mai da ita metan, watau irin gas ɗin girki, saniya ta yi gyatsa ta fitar. Ashe abin da masana ke nema a cikin kwalba, kowace saniya a rugar Fulani tana yin rabinsa kullum ba tare da an biya ta ba.

Wadda masana suka fi sabawa da ita sunanta E. coli, tana zaune a cikin hanjin mutum da na dabba. Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, shi ya gano ta a 1885. A 1931 kuwa wata masaniya ta Jami'ar Kambirij a Ingila, Marjory Stephenson, tare da abokin aikinta Leonard Stickland, suka gano sinadarin da bakteriya ke sarrafa haidirojin da shi. Irin waɗannan sinadarai masu gaggauta aiki a cikin jikin halitta su a ke kira inzayim. In E. coli ta sami sukari a wurin da babu iskar shaƙa, sai ta farfasa shi ta hanyoyi da yawa. Wata hanyar tana kaiwa ga irin tsamin da ke cikin nono, wata ga waɗansu ruwan tsami dabam, wata kuma ga wani tsami da a ke kira fomet, irin wanda ke cikin jikin waɗansu tururuwa. Fomet ɗin nan shi ta ke tsagawa biyu, haidirojin da iskar kabon su fita. Bayan haka kuma tana da waɗansu inzayim masu sake cinye haidirojin ɗin da ta fitar, gama ita ba don kowa ta ke yi ba.

Aikin masu gyaran ƙwaya, in an dube shi da kyau, aikin mai noman rani ne. Mai lambu in yana so ruwa ya isa kwami guda da ƙarfi, sai ya bi hanyar ruwan ya toshe duk rassan da ke janye shi gefe. Kowace halitta tana da littafin gado a cikin jikinta, babi-babi, kowane babi da umarnin da ya ke ɗauke da shi, na E. coli sun fi 4,000. Masana sun iya shafe babin da su ke so. Wani malami mai suna Thomas Wood, sa'ad da ya ke Jami'ar Texas A&M a Amurka, tare da abokan aikinsa, suka shafe 'yan babi da ba su kai goma ba: suka toshe hanyoyin da ke kai sukari ga tsami, suka kawar da inzayim masu cinye iskar, suka kuma cire babin da ke taka wa aikin birki. A farkon 2008 labari ya bazu cewa ƙwayarsu tana fitar da haidirojin ninki 140 fiye da ta asali.

Gaskiya ne, ba ƙarya a ciki. Sai dai ninki 140 ɗin nan, da fomet aka ciyar da ƙwayar aka same shi, watau an tauna mata abinci an sa mata a baki. Da aka ba ta sukari sosai, irin wanda a ke kira gulukos, abin da aka samu daga kowane awo na sukari ninki biyu ne kurum. A nan ne mai karatu zai so ya natsu, domin duk maganar a kan wannan lissafi ta ke tsaye.

A ɗauka sukari gona ce wadda, in an girbe ta ƙarƙaf ba a bar ko zangarniya ba, za ta ba da dami 12 na haidirojin. E. coli ta asali, a gwajin su Wood, ba ta kawo ko dami guda cikakke ba, 0.65 ta kawo. Gyararriyar ta kawo 1.3. Iyakar abin da hanyar fomet za ta iya bayarwa, ko an toshe kowace kafa, dami 2 ne. Akwai waɗansu bakteriya, kamar dangin Clostridium da waɗanda ke zaune a maɓuɓɓugan ruwan zafi, masu bin wata hanya da ta fi wannan, amma su ma akwai katangar da ba su ƙetarewa, dami 4. Wani masani Bajamushe, Rudolf Thauer, shi da abokansa suka bayyana wannan iyaka a 1977, har a ke kiranta da sunansa. Dalilin kuwa ba wuya: ƙwayar mai rai ce, dole ta ci ta ƙoshi ta hayayyafa, abin da ta furzar shi ne rabon mutum. In aka matsa mata ta ba da fiye da haka, sai ta rasa abin rayuwa. Ko jaki ma ba ya kai kaya kasuwa in an hana shi harawa. Sauran dami 8 ɗin nan suna nan kwance cikin ruwan tsamin da ya rage a tukunya.

Yanzu sai a mai da lissafin ga buhu, yadda ɗan kasuwa zai gane. Buhun sukari mai kilo 50, in an ba E. coli wadda ta kai matuƙar iyawarta, haidirojin da za a samu kilo guda ne da ɗan kai. Wannan zai kai motar nan ta Japan daga Zariya zuwa Kaduna, da ɗan saura na zagaya gari. Buhun sukari guda cur! Shi wannan buhun, da yis aka sa masa aka yi itanol, irin man da Birazil ke yi da rake tana tuƙa motoci da shi tun 1975, da an sami wajen lita 30, masu ƙarfin fetur wajen lita 20. Ko an yi la'akari da cewa batirin haidirojin ya fi injin fetur tattali, itanol ya tsere mata. In kuwa aka tattara dukan sukarin da duniya ke yi a shekara, wajen ton miliyan 180, aka hana kowa shan shayi, aka juye wa ƙwayar nan, abin da za a samu ba zai kai kashi 5 cikin 100 na haidirojin da a ke amfani da ita yanzu ba.

Inda abin ya fi shafar manomi kuwa shi ne wajen taki. Mutane da yawa ba su san cewa buhun yuriya ɗan haidirojin ba ne. Fritz Haber a Jamus ya gano yadda a ke haɗa haidirojin da naitirojin na sararin sama su zama amoniya a 1909, Carl Bosch ya mai da abin masana'anta a garin Oppau a 1913, daga amoniya kuwa a ke yin yuriya. Kowane buhun yuriya mai kilo 50 sai an kashe masa haidirojin wajen kilo 5. Masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Lekki a 2022, mai iya yin ton miliyan 3 a shekara, da ta Indorama a Eleme, duk daga gas su ke cire tasu. To, da za a ce a yi da sukari da E. coli, sai an narkar da buhun sukari 4 da ɗoriya kafin a sami haidirojin na buhun yuriya guda. Da ƙwayar da ta kai iyakar Thauer, buhu 2 da ɗan kai. Manomi ya sa yuriya a gonar rake, a matse raken a yi sukari, a ba ƙwaya, a yi yuriya, a kawo masa ya saya. Ko wanda bai shiga makaranta ba ya ga inda kuɗin ke zurarewa.

Wani zai ce ai an riga an ci riba da gyararriyar bakteriya, kuma ya yi gaskiya. Tun 1982 a ke sayar da insulin, maganin masu ciwon sukari, wanda E. coli gyararriya ke yi a cikin tanki. Amma fatauci iri biyu ne. Mai turare yana iya ɗaukar hajarsa duka a aljihu ya dawo da kuɗin doki, mai gawayi kuwa sai ya cika mota kafin ya ga riba. Insulin hajar mai turare ce, ɗan kaɗan mai tsada, kuɗin sukarin da ƙwaya ta ci ba a ma lissafa shi. Makamashi hajar mai gawayi ce, dole ya zama mai yawa mai araha, kuma a cikinsa kuɗin abincin ƙwayar shi ne uwa uba.

Tarihi ya riga ya nuna yadda abin ke kasancewa in masana'anta da ciki suka haɗu a kan rumbu guda. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko, wani masani a Jami'ar Mancesta, Chaim Weizmann, ya samo wata bakteriya ta dangin Clostridium mai cin masara ta ba da asiton, wanda Ingila ke bukata don yin albarushi. Haidirojin ma tana fita a gefe cikin kumfar tsimin. Da jiragen ruwan Jamus masu nutso suka tsananta, hatsi ya yi wuya a Ingila, sai aka ga ba dama a ba ƙwaya masara mutane na kallo. A 1917 aka sa 'yan makaranta su tsinto 'ya'yan wani itace da ba a ci, aka kai masana'antar King's Lynn. Abin bai yi albarka ba, aka rufe wurin a 1918, babban aikin kuwa ya koma Kanada da Amurka inda masara ke da yawa. Shekaru 90 bayan haka, da Amurka ta duƙufa kan mai da masara itanol, farashin masara ya hau, har mutanen Mekziko suka fito kan titi a Janairun 2007 saboda tsadar wainar masararsu. Ba itanol kaɗai ya jawo tsadar abinci ta 2007 da 2008 ba, akwai tsadar mai da fari a waɗansu ƙasashe, amma yana cikin masu laifi. Har yanzu fiye da sulusin masarar Amurka tanki ta ke shiga. Nijeriya kuwa, duk da gonakin rake na Numan da Bacita da Sunti, fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da ta ke sha daga waje a ke shigo da shi. Wanda ke aron riga ba ya kyautar hula.

Masanan su ma sun san wannan, ba wawaye ba ne. Shi ya sa yanzu maganarsu ta koma kan kara da ɓawo da ƙaiƙayi. Jikin kara, in an bi asalinsa, sukari ne da aka saƙa tam kamar igiya, sai an dafa shi da sinadari an sa masa inzayim kafin ya kwance. A Jami'ar Virginia Tech an bi wata dabara dabam: aka bar ƙwayar, aka ɗebo inzayim ɗin kawai fiye da goma, aka haɗa su a kwalba. Tun da ya ke inzayim ba shi da ciki, ba ya cin rabonsa, sai aka ƙetare katangar Thauer aka doshi dami 12. An fara nuna wannan da sitaci a 2007, a 2015 kuma aka yi da sukarin karan masara. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ya cancanci yabo. Amma inzayim ɗin nan su ma bakteriya gyararru ke yin su, suna da tsada, suna lalacewa, kuma tsakanin kwalbar ɗakin gwaji da masana'anta akwai tafiya mai nisa.

Nisan tafiyar ya bayyana a Jihar Iowa, cibiyar masarar Amurka, inda aka gwada yin itanol da karan masara. An buɗe babbar masana'anta a Emmetsburg a 2014, ta daina aikin a 2019. Kamfanin DuPont ya buɗe tasa a garin Nevada na jihar a 2015, ya rufe a 2017. Tara kara daga dubban gonaki, da ɗaukarsa, da ajiye shi kada ya jiƙe ko ya kama wuta, da ƙasar da ke biyo shi tana cin injuna, duk sun fi yadda aka zata. Daga baya wani kamfanin Jamus mai suna Verbio ya sayi ta Nevada, ya juya ta ga yin gas na metan da karan. Haka kuma a Kalifoniya a 2009, masanan Jami'ar Penn State sun kafa tanki mai lita 1,000 a wata masana'antar inabi, don bakteriya su ci dattin ruwan wurin, a taimaka musu da ɗan lantarki su ba da haidirojin. Waɗannan ba gyararru ba ne. Iska ta fito, amma da aka auna sai aka tarar galibinta metan ce, gama masu cafe haidirojin irin na tumbin saniya sun shiga sun yi kane-kane. Wannan ita ce babbar wahalar gyararriyar ƙwaya ma. A tukunya mai tsabta da sukari mai tsabta sarauniya ce. In aka zuba mata datti na gaske, 'yan daji sai su fi ƙarfinta, kamar kazar Turawa da aka saki cikin kajin gida. Dafa dattin kuwa don a kashe 'yan dajin wani kuɗi ne dabam.

Sa'an nan ga kalmar nan da a ke yawan faɗi, wai kara shara ne. Mai yiwuwa a wata ƙasa haka ne. A ƙasar Hausa kuwa duk wanda ya kira karan dawa shara bai taɓa kwana a ƙauye ba. Da shi a ke darni da danga, da shi a ke rufi da gado, da shi uwargida ke hura wuta in itace ya yi tsada, tokarsa ma tana da aiki. Ganyensa abincin shanu ne tun daga kaka har bazara, harawar wake da ta gyaɗa kuwa kuɗi ce tsaba, in rani ya yi nisa har rububinta a ke yi. Tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi a kan karan nan ta ke: shanu su ci, su kwana a gona, su bar taki. Wanda ya rage a ƙasa, gara ta ja shi ciki ta buɗe wa ruwa hanya. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, gwaje-gwajen shekarun 1980 da 1990 sun nuna cewa gonar gero da aka bar mata karanta a shimfiɗe ta fi wadda aka share amfani nesa ba kusa ba, domin karan yana tare ƙasa kada iska ta kwashe, yana kama ƙurar hunturu mai ɗauke da abincin shuka, yana kuma rage zafin rana a kan tsiro. Ƙasar Arewa dama ba ta da kitse da yawa a jikinta. In aka kwashe hatsi, aka kwashe kara, aka kai birni a mota shekara bayan shekara, za a wayi gari an gudu daga gara an faɗa gidan zago: an sami iska mai tsabta, gona ta zama faƙo. Ana cewa sukari abu ne mai sabuntuwa, amma ƙasar da ke ba da shi ba ta sabuntuwa sai an mayar mata da wani abu.

Duk da haka ba daidai ba ne a yi wa aikin nan dariya a watsar. Akwai dattin da ya ke datti na gaskiya, wanda ba mai so, har ma cuta ya ke yi. Nijeriya ta fi kowace ƙasa noman rogo, wajen ton miliyan 60 a shekara, ruwan da a ke matsewa wajen yin gari kuwa yana da sitaci, yana da guba, yana kwarara cikin rafi yana wari, akuya in ta sha sai a yi rashi. Akwai baƙin ruwa mai kauri da ke saura a masana'antar sukari, da ruwan wankin mayanka, da tumatir da mangwaro da ke ruɓewa a kasuwa in kakarsu ta yi. Irin wannan in ƙwaya ta ci, ba ta ƙwace wa kowa loma ba. Matsattsen rake ma ba ko'ina ya ke zaman banza ba, masu mazarƙwaila na wajen Maƙarfi da shi su ke hura wutar dafa ruwan raken. Hanyar da ta fi kama hankali, wadda masana da dama ke gwadawa, ita ce tukunya biyu: ta farko a ɗebi haidirojin, a tura ruwan tsamin da ya rage cikin ta biyu a sami metan daga sauran damman nan 8, abin da ya kwanta a ƙasa kuma a mayar gona, taki ne mai kyau. Ita tukunya ta biyun ba ta jiran wani sabon ilmi. Miliyoyin gidaje a Sin da Indiya sun daɗe suna girki da gas ɗin kashin shanu. Ma'aikatun gona da makarantun aikin gona na nan gida, da nan suka sa ƙarfinsu, da sun fi kusa da manomi.

Akwai kuma abokin takara da bai kamata a manta da shi ba a ƙasar da rana ta yi wa yawa. Shuka, in ta yi ƙoƙari, wajen kashi 1 cikin 100 na hasken rana da ya sauka a gona ta ke ajiyewa a jikinta. Farantin sola yana kama wajen kashi 20, da lantarkinsa kuwa ana iya tsaga ruwa a sami haidirojin kai tsaye, ba huɗa, ba noma, ba taki, kuma ana iya kafa shi a kan faƙon da ko ƙaya ba ta fitowa. Duk mai son kafa masana'antar haidirojin ta sukari, sai ya fara bayyana abin da ya sa tasa ta fi wannan.

Waɗansu kuma tsoronsu shi ne kada gyararriyar ƙwaya ta kuɓuce ta shiga rijiya. Tsoron yana da dalili, gama akwai dangin E. coli masu sa gudawa mai tsanani. Amma wadda a ke aiki da ita a ɗakin gwaji, mai lamba K-12, tun 1922 a ke renonta a kwalba, ta yi laushi har ba ta iya zama cikin hanji sosai. Nijeriya tana da hukumar kula da irin waɗannan halittu tun 2015, wadda ta ba da izinin waken nan mai jure tsutsa da aka fitar daga Samaru a 2019. Tanki rufaffe ya fi gona sauƙin tsaro, muddin dai ana dafa ruwan kafin a zubar, kuma akwai mai zuwa ya duba. Wannan aikin hukuma ne, a kuma riƙa tuna mata.

Abin da ke hannun manomi shi ne rumbunsa da karansa da sa hannunsa. Manoman da suka ga zamanin bini-da-zugu, wajen 2007, sa'ad da aka bi ƙasashen Afirka ana cewa a shuka shi za a yi man dizal, sun tuna yadda kamfanoni da yawa suka naɗe tabarma suka bar mutane da itacen da ko akuya ba ta ci. In wata rana wani ya zo da takarda yana neman a ba shi kara ko rogo ko rake don sabon makamashi, a tambaye shi ina masana'antar ta ke, a tura mutum ya gano ta tana aiki, gama ba a sayen kifi a ruwa. A tambaye shi shekara nawa zai saya, kuma nawa. Kafin a yanka wa kara farashi a lissafa kuɗin harawar da za a saya wa shanu da bazara, da na darnin da za a yi da wani abu dabam, da na takin da gonar za ta nema baɗi. A kuma sa a cikin takardar cewa abin da ya kwanta a gindin tanki za a dawo da shi gona a motar da ta kwashi karan. Akawun ƙungiyar manoma ya riƙe kwafi guda, dagaci ya riƙe guda.